Rabon Faifan Kwamfuta Kafin a Zuba Mata Linux

Jawabin kimiyya na wannan mako ya shafi wani aiki ne wanda ba ya cin mutum fiye da minti goma, amma sakamakonsa ya kan bi shi shekara da shekaru. Aikin kuwa shi ne rabon faifan kwamfuta, watau yanka ma'ajiyarta yanki yanki, kafin a zuba mata babbar manhajar nan da a ke kira Linux.

Maganar ta zo a kan kari. Ran 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya janye tallafin da ya saba ba manhajarsa Windows 10, ita kuwa Windows 11 da ta gaje ta ba ta yarda ta zauna bisa tsofaffin kwamfutoci masu yawa, ko da lafiyarsu ƙalau. Wanda ya mallaki irin wannan inji, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa ko malami, in ba ya so ya jefar da shi, ɗaya daga cikin hanyoyin da ke gabansa ita ce ya koma ga Linux. Wani ɗalibi na Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, shi ya soma rubuta ƙwayarta cikin 1991, aka haɗa ta da kayan aikin GNU waɗanda Richard Stallman ya ƙaddamar a Amurka tun 1983. Ana ce mata buɗaɗɗiyar manhaja domin kowa yana da iznin ya karanta rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara, ya kuma raba wa waɗansu. Tana zuwa iri iri, kamar su Debian, da Ubuntu, da Fedora, da Linux Mint, da openSUSE. Ko wacce mutum ya ɗauka, sa'ad da ya ke zuba ta lalle za ta tsaya ta tambaye shi yadda za a yi da faifan: a share shi duka, ko a zauna tare da manhajar da aka tarar, ko kuwa shi da kansa ya raba da hannunsa. A wannan mararraba ce mai gaggawa ya kan shafe hotunan iyalinsa da lissafin cinikinsa da dannawa guda. Hausawa suka ce, tun ran gini tun ran zane.

Da farko ya kamata a san ko mene ne faifan nan. Na farinsa shi ne wanda kamfanin IBM ya fitar cikin 1956 tare da injin RAMAC. Faranti 50 ne aka jera bisa sanda guda, faɗin ko wanne inci 24, duka kuwa ba su ɗaukar abin da ya wuce harafi miliyan 5. A yau abin da ya fi wannan sau dubu ɗari yana shiga aljihun riga. Faifai iri biyu ne a hannun mutane. Akwai mai juyawa, wanda ke da faranti da hannu mai karatu, kamar faifan garmaho da allurarsa. Akwai kuma wanda a ke kira SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Amma a idon kwamfuta duka ɗaya ne: dogon jeri ne na ƙananan gurabe, ko wanne da lambarsa, daga sifiri har zuwa ƙarshe. Bisa al'ada ko wane gurbi yana ɗaukar bayit 512, bayit ɗaya kuwa kimanin harafi guda ke nan. Tun wajen 2010 aka soma ƙera fayafayai masu gurbin bayit 4096.

To, raba faifai ba tsaga shi a ke yi ba. Abin da a ke yi shi ne a rubuta cikin wata 'yar rajista a bakin faifan cewa daga gurbi kaza zuwa gurbi kaza yanki na ɗaya ne, daga nan zuwa can yanki na biyu ne, kamar yadda mai auna ƙasa ke rubuta iyakar filaye cikin littafinsa. Bayan an shata yankin sai a shimfiɗa masa tsarin ajiya, watau ƙa'idar da za a bi a san inda ko wane fayil ya ke. Wannan shimfiɗa ita ce ke shafe abin da ke cikin yankin a da. Don haka duk inda manhajar ta nemi iznin shimfiɗa sabon tsari bisa wani yanki, sai mutum ya tabbata babu abin da ya ke so a ciki.

Rajistar nan iri biyu ce. Tsohuwar, wadda a ke kira MBR, ta fito cikin 1983, zamanin da IBM ya sa faifai mai megabayit 10 cikin kwamfutarsa ta tebur. Tana zaune cikin gurbi na farko kaɗai. Daga cikin bayit 512 na gurbin, 64 kurum aka ware wa rajistar, ko wane yanki kuwa yana cin 16, saboda haka yanki 4 kaɗai ta ke iya riƙewa. Daga baya aka yi dabara, aka mai da ɗaya daga cikin huɗun ya zama kamar buhu wanda a ke cusa waɗansu yankuna a ciki. Har wa yau lissafinta ba ya wuce kimanin terabayit 2, watau gigabayit dubu 2 da 'yan kai, in gurbin na bayit 512 ne. Abin da ya fi wannan muni shi ne kwafinta ɗaya ne tak. In gurbin nan ya lalace, iyakokin duka sun ɓace.

Sabuwar rajista sunanta GPT. Kamfanin Intel ya tsara ta a ƙarshen shekarun 1990, ta bi sabuwar hanyar tayar da kwamfuta da a ke kira UEFI, wadda ta maye gurbin tsohuwar hanyar BIOS. GPT ta saba ba da wurin yanki 128, tana ɗaukar faifai kome girmansa cikin waɗanda a ke ƙerawa yanzu, tana kuma ajiye kwafinta na biyu a ƙarshen faifan, tare da wani lissafi da za ta gane da shi in rubutun ya gurɓace. Hukunci a nan mai sauƙi ne. Kwamfutar da ke tashi ta hanyar UEFI, kamar yadda galibin waɗanda aka ƙera daga 2012 zuwa yau su ke, a yi mata GPT. MBR sai ga tsohon injin da bai san kome ba sai BIOS.

Mai UEFI tilas ne ya ware ƙaramin yanki guda wanda aikinsa kamar na zaure ne a gida, ta nan a ke shiga. Idan aka kunna kwamfuta, nan ta ke fara dubawa ta sami 'yar manhajar da za ta tayar da babbar, wadda a yawancin ire-iren Linux sunanta GRUB. Yankin nan ana shimfiɗa masa tsarin FAT32, gama shi ne wanda ko wace UEFI ta iya karantawa. Windows ta kan yanka shi ƙarami, kimanin megabayit 100, amma wanda ke yanka sabo gara ya ba shi tsakanin megabayit 500 da gigabayit 1, don kada ya ƙuntata nan gaba.

Kafin a shiga sauran yankuna, akwai wani bambanci da ya kan rikita baƙo. Wanda ya saba da Windows ya san ko wane yanki da harafinsa, wannan C, wancan D. Linux ba ta bin wannan hanya. A wurinta dukan fayiloli itace ɗaya ne mai tushe guda, alamar tushen kuwa 'yar sanda ce a karkace, haka: /. Daga tushen rassa suka fita, ko wanne da sunansa. Reshen /home nan ne kayan masu amfani da injin su ke, takardunsu da hotunansu. Reshen /usr nan ne manhajoji su ke. Reshen /var na abubuwan da ke ƙaruwa kullum ne, kamar littafin rahoton da injin ke rubuta wa kansa. Reshen /boot yana riƙe da ƙwayar Linux da abin da ta ke bukata ta tashi. Ko wane reshe ana iya barinsa cikin yankin tushe, ana kuma iya ware masa nasa yanki a ɗaura shi a wurin. Mai amfani da injin ba zai ga bambanci ba, itacen ɗaya zai gani. Saboda haka tambayar rabon faifai duka ta dawo ga wannan: wane reshe ne ya cancanci a gina masa katanga tasa?

Amsar tana fitowa ne in mutum ya kasa abin da ke cikin kwamfutarsa kashi biyu. Kashi na ɗaya shi ne abin da a ke iya sake samu. Linux kanta da dukan manhajojinta, in sun lalace yau, gobe a sauko da su daga intanet kyauta, cikin sa'a guda an mai da su. Kashi na biyu shi ne abin da babu mai sake ba mutum shi: kundin da ɗalibi ya shekara yana rubutawa, hoton mahaifiyar da ta rasu, muryar 'yan'uwa da aka aiko daga gida, littafin bashi na mai kanti. Katangar da ta fi kowace amfani ita ce wadda ta shiga tsakanin kashin nan biyu, watau a ba /home yankinsa dabam. Ranar da manhajar ta rikice, ko mutum ya so ya bar Ubuntu ya gwada Fedora, sai ya shafe yankin tushe kaɗai, ya umurci sabuwar ta ɗaura tsohon yankin a /home ba tare da ta shimfiɗa masa sabon tsari ba. Zai tashi ya tarar da kayansa yadda ya bar su. Sai dai a lura, cikin /home akwai ɓoyayyun fayiloli waɗanda sunansu ke farawa da ɗigo, su ne ke riƙe da yadda mutum ya saita ko wace manhaja. In an sauya daga wata irin Linux zuwa wata, wani lokaci tsohon saiti ya kan yi karo da sabo, sai an kawar da shi.

Amma fa ko wace katanga da kuɗinta. Wurin da ya rage a wannan yanki ba ya amfanar wancan. Mutum ya kan wayi gari ya ga tushe ya cika maƙil, injin ya ƙi karɓar gyaran tsaro, wani lokaci ma ya ƙi buɗe masa allon shiga, alhali kuwa ga gigabayit 300 zaune a banza a /home. Matsar da katanga bayan an zuba kaya abu ne mai yiwuwa, akwai manhaja mai suna GParted da a ke yi da ita, amma aiki ne mai ɗaukar lokaci, in kuwa wuta ta ɗauke a tsakiyarsa ana iya yin hasara. Ba ko wane tsarin ajiya ne ma ke yarda a rage shi ba. Tsarin ext4, wanda ya kammala cikin 2008 kuma shi ne Debian da Ubuntu suka fi amfani da shi, yana faɗaɗuwa ana cikin aiki, amma ba ya raguwa sai an sauke yankin tukuna. Tsarin XFS, wanda Red Hat ya mai da shi zaɓinsa na farko cikin 2014, yana faɗaɗuwa cikin sauƙi, amma wanda ya shimfiɗa shi kada ya sa rai zai ƙuntata shi daga baya. Don haka yawan yankuna ba alamar gwaninta ba ne. Ko wace katanga sai ta faɗi aikin da ta ke yi, in ba ta da shi a bar ta.

Wannan ya kawo maganar al'adun da aka gada. Mai neman shawara zai tarar da tsofaffin littattafai suna cewa a yanka faifai gida shida ko bakwai. Ko wace shawara cikinsu tana da dalilinta a zamaninta, sai dai dalilai da yawa sun mutu sun bar al'adar a raye. Ga misali uku.

Na ɗaya, reshen /usr. Linux ta gaji siffar itacenta daga manhajar Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a ɗakin binciken Bell a Amurka cikin 1969. Fayafayan injinsu ƙanana ne ƙwarai. Da na farko ya cika, sai manhajoji suka malala zuwa na biyu, wanda asalinsa na kayan masu amfani da injin ne, sunansa kuwa /usr. Ƙarancin wuri ne ya haifi rabon, amma aka yi ta koyi da shi shekara 40. Cikin 2012 Fedora ta tattara manhajojin wuri guda a ƙarƙashin /usr, sauran suka bi sawunta, Debian ma ta tabbatar da haka cikin 2023. Mai kwamfutar gida a yau ba shi da dalilin raba /usr da tushe.

Na biyu, reshen /boot. Tsohuwar BIOS tana ƙidaya faifai ne da zobe zobe, ba ta kuwa iya ganin abin da ya wuce zobe 1024 na farko. A wani zamani wannan iyaka ta tsaya a kimanin megabayit 528, daga baya ta koma wajen gigabayit 8. In ƙwayar Linux ta faɗa bayan wannan iyaka, injin ba zai tashi ba. Maganin da aka samo shi ne a yanka ƙaramin yanki a bakin faifan a ajiye ta ciki. Iyakar nan ta daɗe da gushewa. Abin da ya rage na dalilin ware /boot a yau shi ne in an kulle tushe da mabuɗin asiri, ko an shimfiɗa masa tsarin da GRUB ba ta iya karantawa sosai. Wanda ya ware shi kuwa kada ya ba shi ƙasa da gigabayit 1, gama ko wace sabuwar ƙwaya da ta zo tana zama kusa da tsofaffin, ƙaramin yanki kuwa nan da nan ya ke cika.

Na uku, yankin musaya. Kwamfuta tana da ƙwaƙwalwar aiki da a ke kira RAM, mai sauri ƙwarai, amma ƙarama ce, kuma duk abin da ke cikinta yana gushewa in an kashe wuta. Idan ta cika, Linux ta kan kwashe abin da ba a taɓa ba da jimawa ta jibge shi bisa faifai, ta ɗauko shi in an nema. Wurin jibgewar nan shi ne musaya. Tsohuwar ƙa'ida ta ce a ba shi ninki biyu na RAM. Wannan daidai ne sa'ad da RAM ba ta wuce megabayit 16 ko 32 ba. Amma inji mai gigabayit 16 in aka yanka masa 32, an yi ɓarnar wuri ke nan, gama tun kafin ya cika rabinsa injin ya riga ya zama kamar hawainiya. Tun 2017 Ubuntu ta daina yanka yankin musaya, ta koma yin fayil guda cikin tushe, wanda a ke iya ƙara shi ko rage shi ko yaushe. Fedora kuwa cikin 2020 ta ɗauki dabarar zram, inda a ke matse abin cikin RAM ɗin kanta ba tare da an taɓa faifai ba. Wuri ɗaya ne babban musaya ya ke da amfani har yanzu. In mutum yana so injinsa ya yi dogon barci, watau ya kwashe dukan abin da ke cikin RAM ya rubuta bisa faifai ya mutu ɗungum, sa'an nan in an kunna ya ci gaba daga inda ya tsaya, to, lalle musayar ta kai girman RAM ɗin.

Yanzu sai a gwada wannan bisa injuna na zahiri. A ɗauki kwamfutar cinya mai faifan gigabayit 500 da RAM mai gigabayit 8, wadda za a ba Linux ita kaɗai. Da farko kada mai ita ya firgita in ya ga manhajar rabo ta nuna masa 465 maimakon 500. Ba a cuce shi ba. Masu ƙera faifai suna ƙidaya da dubu dubu, manhajar kuwa da 1024. Daga cikin 465 ɗin nan sai ya ba zaure 1, ya ba tushe 70, ya ba musaya 8 in yana son dogon barci, sauran 386 duka na /home. Ubuntu ta ce gigabayit 25 ya isa a zuba ta, amma wannan na ranar farko ne. Manhajojin zamani da ke zuwa cikin ƙunshin Flatpak ko Snap ko wacce tana tafe da guzurinta, a cikin tushe kuwa su ke sauka, don haka wanda ya tsuke tushe zai yi da na sani kafin shekara ta kewayo.

In kuwa faifan ƙarami ne, mai gigabayit 128, wanda zai nuna 119, gara a taƙaita. Zaure da tushe kaɗai sun isa, /home ya zauna cikin tushe, musaya ta zama fayil. Wannan shi ne abin da Ubuntu ke yi in an bar ta ta zaɓa da kanta, Debian ma ta kan ba sabon shiga shawara ya bar /home cikin tushe. A ƙaramin fili katanga ta fi cutarwa bisa ga amfaninta.

Injin da ke hidima ga jama'a, kamar na makaranta ko na ofis wanda ba a kashe shi dare da rana, hukuncinsa dabam ne. A nan abin tsoro shi ne reshen /var. In wata manhaja ta rikice ta shiga rubuta kuka iri ɗaya cikin littafin rahoto sau dubu a minti, kafin gari ya waye ta cika faifan. Idan /var yana da yankinsa, shi kaɗai zai cika, tushe ya tsira, mai kula da injin ya sami shiga ya yi gyara. Ga katangar da ta faɗi aikinta.

Masana sun daɗe suna neman katangar da za ta riƙa matsawa ba da wahala ba, sun kuwa samo hanya biyu. Ta farko ita ce LVM, wadda Heinz Mauelshagen ya rubuta wa Linux cikin 1998. Ana ba ta babban yanki guda, ko ma fayafayai da dama, ta haɗa su su zama tafki ɗaya, sa'an nan a riƙa ɗiban wa tushe da /home gwargwadon bukata. Hikimar amfani da ita ita ce kada a rabar da tafkin duka ran farko. A bar wani abu a ajiye, duk wanda ya ƙuntata daga baya a ƙara masa. Hanya ta biyu ita ce tsarin ajiya mai suna Btrfs, wanda Chris Mason ya soma cikin 2007. A cikinsa tushe da /home suna zaune cikin yanki ɗaya, ko wanne da sunansa da iyakarsa, amma wurin da ya rage na kowa ne. Haka Fedora ke yi wa kwamfutocin tebur tun 2020. Btrfs yana kuma iya ɗaukar hoton halin da tushe ke ciki kafin a yi wani babban gyara, in gyaran ya ɓaci a koma ga hoton. openSUSE ta shahara da wannan. Kuɗin hanyoyin nan biyu shi ne ƙarin ilmi: ranar da abu ya lalace, mai gyara sai ya san su kafin ya iya ceto kayan.

Akwai kuma shawarar da ba ta jira, ita ce ta kulle faifai. Kwamfutar cinya abar yawo ce, ana mantuwa da ita a mota, ana kuma sace ta. Kalmar sirrin da a ke bugawa a allon shiga ba ta hana ɓarawo ya zare faifan ya karanta shi a wani inji. Abin da ke hana shi shi ne tsarin LUKS, wanda Clemens Fruhwirth ya fitar cikin 2004, mai juya dukan abin da ke cikin yanki ya zama rubutun da ba ya karantuwa sai da mabuɗi. Lokacin zuba manhaja ne a ke zaɓensa cikin sauƙi, bayan haka kuwa wahala ce babba. Zaure ba ya kulluwa, domin UEFI tana bukatar karanta shi. Wanda ya kulle tushe ya bar musaya a buɗe bai gama aiki ba, gama abin da ke cikin RAM a can ya ke sauka. A kuma sani, wanda ya manta mabuɗin babu kamfani ko gwani da zai buɗe masa.

Saura wanda ke so Linux ta zauna tare da Windows bisa faifai ɗaya. Shi ne ya fi kowa bukatar natsuwa. Ya fara rage yankin Windows daga cikin Windows ɗin kanta, da kayan aikinta na sarrafa faifai. In an kulle yankin da BitLocker, ya rubuta lambar ceto a takarda tukuna, domin Windows ta kan nemi lambar in ta ga an taɓa hanyar tashi. Ya kashe saitin nan na saurin tashi, gama da shi Windows ba ta rufe yankinta sarai in an kashe injin, wanda ya yi rubutu a ciki daga Linux kuwa yana iya ɓata shi. Zauren da ya tarar kada ya shimfiɗa masa sabon tsari, su biyun za su yi tarayya a cikinsa. Kuma ta hanyar da aka zuba Windows, UEFI ce ko BIOS, ta nan za a zuba Linux.

Ko wane tsari mutum ya zaɓa, ya dubi sunan faifan da kyau kafin ya danna. Linux tana kiran faifai na farko sda, na biyu sdb, yankunansu kuwa sda1, sda2, har zuwa gaba. Sababbin fayafayai masu sauri sunansu ya kan fara da nvme. Sunayen nan suna iya sauyawa in an soka wani faifai ko an zare, saboda haka girman faifan da sunan maƙerinsa su ne shaidar da ta fi tabbata. Duk faifan da ba shi da hannu cikin aikin gara a zare shi a ajiye gefe. Sauri ya haifi nawa.

Daga ƙarshe, kada rabon faifai ya ruɗi kowa ya zaci kayansa sun tsira. Yankuna duka bisa faifai ɗaya su ke. Katangar da ke tsakanin tushe da /home tana kare mutum daga rikicin manhaja da sake zuba ta, amma ranar da faifan kansa ya mutu, ko aka sace injin, ko ruwa ya shige shi, yankunan tare za su tafi. Hoton Btrfs ma a nan ya ke zaune, tare zai tafi da su. Abin da ke ceto a wannan rana shi ne kwafin da aka ajiye a wani faifai dabam, a wani wuri dabam. Don haka aikin farko, tun kafin a buɗe manhajar rabo, shi ne mutum ya kwafe duk abin da babu mai sake ba shi, ya buɗe kwafin ya tabbata yana karantuwa. Bayan wannan sai ya ware zaure, ya raba kayansa da na manhaja in faifan yana da yalwa, ya tsaya nan sai in wata bukata ta zahiri ta nemi ƙari.

Nan jawabin kimiyya na wannan mako ya ƙare.